Tsoho ya kwanta a gida: wa ke duba shi bayan an sallamo shi?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum mutanen Damagaram. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, awon ciki ma kyauta ne. A Satumba 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati. To tsofaffinmu fa? Ana ta batun a haɗa aikin asibiti da kula da tsoho su tafi tare. Duk mai tsoho a hannu ya faɗa mana yadda yake fama.

'Yar Mirya:
Wa alaikumus salam. Ragin kuɗin ya taimaka, ba na musu. Amma wahalar tsoho ba a asibiti take ba, tana farawa ranar sallama. Uwar mijina ta samu shanyewar ɓarin jiki. Aka miƙo mana takardar magani, aka ce "ku riƙa juya ta", shi ke nan. Ba wanda ya nuna mini yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da an ji masa ciwo ba. Kafin mu ankara gyambo ya buɗe mata a ƙugu. Ni ke wanke shi da asuba kafin yara su tashi, tana riƙe da hannuna tana cewa "sannu 'yar nan, Allah ya ba ki masu yi miki". Ranar komawa awo kuwa, ba ta iya zama bisa kabu-kabu. Sai shatar mota, maza su ɗauko ta cikin tabarma. Kuɗin motar ya fi na ganin likita.

Majo mai ritaya:
Allah ya saka miki, 'yata. Na yi aiki a CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye, na san wurin. An gina shi ne kan uwa da ɗa: rigakafi, awon ciki, tamowa, masassarar cizon sauro. Tsoho sai ya faɗi ake ganinsa. Ga hawan jini da ciwon suga ba a warkewa, lallaɓa su ake har ƙarshen rai, amma da mutum ya ji dama sai ya ajiye ƙwayar. Abin da ke ba ni haushi, duk damina masu sa-kai suna bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin masassara. Suna wuce kaka a zaure. Da an ba su na'urar awon jini, da an tare rabin aikin tun a ƙofar gida.

Ɗan Zango:
Na zauna Dakar. Can suna da Plan Sésame tun 2006, magani kyauta ga mai shekara 60 zuwa sama. Sai dai asibitoci sun sha kukan gwamnati ba ta biyansu kan lokaci, irin kukan da aka yi nan kan maganin yara na kyauta. A rubuce daɗi gare shi.

Hajiyar Garin Malam:
Ni dai kar a kawo mana gidan ajiye tsofaffi, mutuncinmu bai ɗauka ba. Amma mu daina yaudarar kanmu da "dangi na nan". Maza suna Agadas, suna Kano, suna Libiya. Kuɗi suke turowa, kuɗi kuwa ba ya ɗauke fo. Mace ɗaya ce ke ɗauke da komai, galibi ma suruka.

'Yar Mirya:
Baba Majo, katifar roba muka sa mata saboda fitsari. Daidai ne?

Majo mai ritaya:
Roba na tara zufa, balle da zafin nan. Shimfiɗa zanen auduga a kai, ki canza da zarar ya jiƙe. A juya ta duk awa 2, matashi tsakanin gwiwoyi. In gyambon ya fara wari ko jikinta ya yi zafi, kar ki jira ranar awo, ku kai ta.