Dan Allah me ya sa ake kai na'urar hangen taurari can cikin ƙanƙarar Antatika?

Ɗan_Hadeja:
Salamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya da daddare, na ga hoton wata ƙatuwar na'urar hangen sararin sama kamar faranti a tsaye a tsakiyar ƙanƙara, ba bishiya ba gida sai fari fat ko'ina, aka ce wai a tsakiyar Antatika take, ƙarshen duniya ta kudu. To ni abin da ban gane ba, mutane na da Chile da Hawaii inda ake zuwa da mota a dawo, me zai kai su wajen da sanyi zai iya kashe mutum? Kuma in har wajen ya fi kyau ɗin, me ya hana a kai manya-manyan gaba ɗaya can a huta? Masu ilimin abin a taimaka a warware min.

Malamin_Fiziks:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wadda ka gani ita ce South Pole Telescope, faɗin farantinta mita 10, ta fara aiki a 2007 a tashar Amurka da ake kira Amundsen-Scott. Amsar tambayarka ta farko kalma ɗaya ce, bushewa. Mutane na ganin ƙanƙara sai su ɗauka wajen cike yake da danshi, alhali hamada ce, iskar wajen ta fi ta Sahara bushewa nesa ba kusa ba, saboda iska in ta yi sanyi sosai ba ta iya riƙe tururin ruwa, duk ya daskare ya zube ƙasa. Ga shi tashar a kan tudun ƙanƙara take mai tsayin sama da mita 2,800, ka ga an riga an tsallake wani kaso na iskar.

Ita wannan na'urar ba hasken da idonmu ke gani take kamawa ba, wani raunannen haske ne na maikurowef, mai kama da zangon rediyo, da ya taso tun duniyar sama na da shekara kamar 380,000 da farawa, ya yi tafiyar sama da shekara biliyan 13 kafin ya iso mu. Babban maƙiyinsa tururin ruwa, shi ke shanye shi a hanya. Ka ɗauka abu ya sha wannan doguwar tafiya lafiya lau sai a 'yan kilomitocin ƙarshe danshin samanmu ya haɗiye shi, wallahi ni duk sanda na tuna wannan sai in ji ba su yi wauta ba da suka je can.

Sai wani abu kuma, a daidai wannan wajen rana sau ɗaya take fitowa a shekara, a watan Satumba, ta faɗi a Maris. Wata shida ba rana, to babu wannan ɗumi da sanyi na safe da yamma da ke dagula iska. Taurari ma ba sa fitowa ba sa faɗuwa, zagaye kawai suke a saman kanka kamar ana juya faifai, sai ka kafa na'ura a kan fili ɗaya na sama ka yi ta kallo kwana da kwanaki ba yankewa.

Ɗan_Hadeja:
Allah Ya ƙara ilimi Malam, na fahimci wannan. To amma saura ta biyun, tunda haka ne me ya sa waccan babbar da Turawa ke ginawa a Chile take ba a can ba?

Malamin_Fiziks:
Yawwa, nan ne maganar take. Waccan ELT ce, wato Extremely Large Telescope, madubinta mita 39, a kan dutsen Cerro Armazones, kuma ita hasken ido da na kusa da shi za ta kama. Irin wannan hasken damuwarsa daban, rawar iska. Ka taɓa tsayawa bakin kwalta da azahar a watan Afrilu ka hango mota daga nesa tana rawa kamar a cikin ruwa? Ko ka kalli bango ta saman murhu? Iska mai zafi da mai sanyi ne ke cakuɗuwa suna lanƙwasa haske, shi ne kuma ke sa taurari ƙyaftawa da daddare. Mu muna ganin abin sha'awa ne, masu binciken sama kuwa shi ne ciwon kansu don hoton ya kan fito a dagule.

To a tashar Amundsen-Scott ƙanƙarar ƙasa ta fi iskar samanta sanyi sosai, ga iska na gangarowa daga tudun da ke sama da ita, sai ya zama akwai wani bargo na iska mai rawa da kaurinsa ya kai mita ɗari biyu ko fiye. Maikurowef bai damu da shi can ba, amma na'urar hasken ido kam ta shiga uku. Da aka matsa saman tudun, wajen da ake kira Dome C inda Faransa da Italiya ke da tashar Concordia, sai aka tarar bargon bai wuce kamar mita 30 ba, kuma awon da aka fitar a 2004 ya nuna in ka ɗaga sama da shi iskar ta fi ta Chile da Hawaii natsuwa. A Dome A da ya haura mita 4,000, inda China ta kafa tashar Kunlun a 2009, bargon ya ma fi haka siranta. Kenan sai ka gina hasumiya ka ɗora na'urar a kai. Ƙarama za ta hau. Mai nauyin tan dubbai fa, a kan ƙanƙara, ba dutse a ƙarƙashi sai ka yi kilomita uku?

Maman_Ilham:
Malam ka bar ni in ƙara ta ɓangaren wahalar, don ni nan ne ya fi taɓa ni. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa wajen ƙarshen Oktoba jirage sun daina zuwa tashar Amundsen-Scott, mutum arba'in da wani abu ne ke kwana a ciki duk tsawon duhun, sanyi na kai digiri 60 ƙasa da sifili abu ne na kullum, an taɓa auna 82.8 a 1982. In wani ƙarfe ya karye ba inda za ka aika a sayo, abin da ke sito shi ke nan. Man shafa inji na daskarewa, roba da wayar lantarki su bushe su tsage kamar busasshen ganye, kuma wani sai ya fita da fitila a goshi ya taka kusan kilomita ɗaya ya je ya share ƙanƙarar da ta taru a jikin na'ura. Ita kanta South Pole Telescope ɗin gunduwa-gunduwa aka kai ta a jirgin LC-130 mai sauka a kan ƙanƙara, duk abin da bai shiga cikin jirgin ba ba ya zuwa. Concordia kuwa a jerin taraktoci ake ja musu kaya daga gaɓar teku, tafiyar sama da kilomita 1,000, kwana goma ko fiye. Ni dai ina jinjina wa mutanen nan.

Bakatsine_77:
Akwai kuma abin da ba a ambata ba, daga can rabin sama kawai ake gani, na kudu, har abada. Shi ya sa hoton baƙin rami (wajen da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa) na gungun taurarin M87 da aka fitar a 2019 South Pole Telescope ba ta hango shi ba don yana ɓangaren arewa, amma na tsakiyar Milky Way, gungun taurarin da muke ciki, da ya fito a 2022 tana cikin na'urorin da suka haɗu suka ɗauka. Chile ta fi kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, tana samun kudu duka da wani yanki babba na arewa. Sannan wata shidan nan ba duka ne duhu sosai ba, makonni ake yi ana cikin irin hasken bayan magariba, ga hasken orora da ke cika sama da kore.

Ɗan_Hadeja:
Ikon Allah. To arewa fa Yaya, ba a gwada can ba?

Bakatsine_77:
Ƙarshen arewa teku ne ƙanƙara ke yawo a kai, ba wajen kafa komai. Sai dai gefe, akwai wata na'ura mai mita 12 a Greenland, a Pituffik da a da ake kira Thule, ta shiga aikin hoton baƙin rami a 2018. Amma tana kusa da bakin teku ne, niyyar tun farko a hau da ita saman tudun ƙanƙarar tsibirin inda ya haura mita 3,000, don can ne iskar ta bushe yadda ake so.