Fayil ɗaya ya ƙi shiga filas, gobe kuma za a karɓi kwamfutar

Salam, don Allah a taimaka min. Laftof ɗin wajen aikina ta fara mutuwa da kanta, gobe za a kai ta gyara kuma an ce wataƙila a goge komai, shi ya sa tun jiya nake ta kwashe fayilolina zuwa filas mai 32GB.

Duk sun shiga sai guda ɗaya, fayil ɗin Outlook mai ɗauke da imel ɗin aikina gaba ɗaya, girmansa 6GB. Ina danna kwafi sai ta ce wai ya yi girma, alhali akwai 18GB da babu komai a ciki! Na rufe Outlook, na kashe na kunna, na canza ramin USB, duk a banza. Google Drive kuma 15GB ɗin kyautar ya riga ya cika. Da na leƙa bayanan filas ɗin sai na ga tsarin ajiyarsa FAT32 ne, ashe shi ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB.

Ta yaya zan mayar da filas ɗin tsarin NTFS, mai karɓar manyan fayiloli, ba tare da na yi fomatin na rasa abin da na zuba ba? Windows 10 ce. Na gode.