Fitilar UV ta ƙi taɓa funfunata, saura mako uku in gabatar da aikina

Ɗalibar Aji Huɗu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kwana uku rabona da barcin kirki. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu, aikina a kan funfunar Aspergillus niger ne, baƙar nan da ke fitowa a jikin albasa. Ana so in haska mata fitilar UV, irin wadda ake kashe ƙwayoyin cuta da ita, ta sauya halitta, ko a dace da wadda ta fi narkar da sitatin rogo. Ba ni na zaɓi batun ba, malamina ne ya ba ni, tun watan jiya kuma ya yi tafiya, ba ya ɗaga waya. Babanmu ragon da ya ajiye don layya ya sayar ya ba ni kuɗin kayan aiki, ga ƙannena biyu suna jira in gama a samu a biya musu. Sau uku ina haskawa, minti 5, 10 da 15, amma farantan da na shuka ta a ciki duk sun fito baƙi ƙirin, daidai da wanda ban haska ba. Da na zuba aidin ma don in ga inda sitatin ya narke, faɗin da'irar da ta narkar duk ɗaya. Ina na kuskure?

Malam Na Lab: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ba mu labarin rago, kin bar abin da ake bukata. A buɗe farantin yake ko a rufe? Bayan haskawa ina kika ajiye shi? Hasken da ke yin aikin nan UV-C ne, wani nau'in UV mai tsawon zango nanomita 254, kuma ba ya ratsa gilashi ko murfin roba. Idan ya isa ga DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayar halitta, inda haruffan T biyu na rubutun suke maƙwabtaka sai ya liƙe su. Wajen kwafar DNA ɗin don hayayyafa sai ƙwayar ta yi tuntuɓe: mafi yawa su mutu, 'yan kaɗan su rayu da sauyi. Waɗannan kike nema. In farantinki ya cika, hasken bai kai ba.

Maman Ilham: Allah sarki. Ni ma haka malamina ya yi min, wata huɗu ina zarya ofishinsa da goyo a bayana, ƙarshe ya ce in sake babi na uku gaba ɗaya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ki daure kawai.

Ɗalibar Aji Huɗu: Malam, a rufe ne, amma da dalili. Wadda ta yi kafin ni ta ce in na buɗe, datti zai shiga, kuma farantai 20 kacal suka rage min. Bayan nan a kan benci nake barinsu kusa da taga, saboda inkubeta, akwatin ɗumin da ake renon su a ciki, ba ta da amfani in an ɗauke wuta.

Baban Khalifa: Ki shanya su a rana mana. Garin rogon da muke shanyawa ai rana ce ke hana shi funfuna. Ko ki bar fitilar awa ɗaya cur.

Malam Na Lab: A'a Alhaji, bushewa ce ke kare garinku, UV-C na rana kuwa iskar ozon da ke lulluɓe da duniya ta tare shi tun daga sama. Awa ɗaya kuma a buɗe, tana iya rasa mai rai ko ɗaya. Ƙanwata, tagar nan ita ce kuskure na biyu. Funfuna tana da sinadarin gyaran DNA mai suna fotolayis, da zarar ta ga hasken rana sai ta warware liƙin da kika yi. Ki naɗe farantan da takardar alminiyom nan take, su kwana a duhu. Sannan baƙin funfunar nan melanin ne, sinadarin launi mai tare haske, garkuwa ce gare ta, don haka ki tsinka ruwan ƙwayayen sosai kada wasu su yi wa wasu inuwa. Ki nemi mintin da ke kashe kashi 90 zuwa 99 cikin 100. Hanyar ba sabuwa ba ce: funfunar da ke samar da maganin fenisilin, wadda aka samo a garin Piyoriya na Amurka a 1943, da X-ray aka fara sauya ta, sannan aka bi da UV a Jami'ar Wiskonsin aka fitar da irin da ake kira Q-176. Kuma kada ki kalli fitilar, tana ƙona ido.

Tsohon Ɗalibi: Ni a rufe na yi nawa kuma na ci. Ki rubuta abin da kika samu, rashin bambanci ma sakamako ne.

Malam Na Lab: Sakamakon murfi ne wannan, ba na funfuna ba.

Ɗalibar Aji Huɗu: Na gode Malam, amma ku ma ku duba, a takardar da malamina ya sa wa hannu ba a ce a buɗe ba, ba a kuma ambaci duhu ba. In na canja ba da saninsa ba, ni zai ɗora wa laifi. Na sake kiransa ɗazu, a kashe. Ko akwai wanda ya san in fitilar ce ta tsufa? Tana dai ba da shuɗin haske.