Ƙara ta hana Babanmu sakat tun bayan shanyewar ɓarin jiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifina. Hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki, kuma alhamdu lillahi hannu da ƙafa suna dawowa da gashin ƙashi. Kunne ne ya tsaya mana. Ya ce kullum yana jin wata tsuwa a ciki kamar kukan gyare, dare ya fi tsanani, barci ya gagara.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙaramin sauti ma yana yi masa zafi. Muna Tudun Wada, ga janareton maƙwabta, ga injin niƙa, ga hon ɗin 'yan keke. Ƙarar cokali a kwano kaɗai sai ya toshe kunne. Mutumin da bai san zaman ɗaki ba, yanzu ko jikokinsa gudunsu yake, jam'i ma ya daina fita saboda lasifika.

Muna cusa masa auduga, sai aka ce mana toshe kunne kullum ƙara lalata abin yake. Fanka tana ɗan rufe tsuwar da dare, amma sai in da wuta. Asfirin da likita ya ɗora shi a kai kuma ba za mu tsayar da kanmu ba, ko da yake na ji mai yawa yana sa kunne ƙara.

Shin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna za mu kai shi a gwada jinsa, ko likitan ƙwaƙwalwa ya kamata mu koma wa? Wanda nasa ya taɓa shiga wannan hali, me kuka yi masa da rana?