Hayaƙin girki ya hana baƙina zama a falo

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar gini ku taimaka min.

Gidanmu yana Ƙofar Ƙaura a Katsina. Bayan damina muka sa magini ya fasa bangon da ya raba kicin da falona, ya bar shi iya ƙugu aka yi masa tayil, don in riƙa girki ina hira da baƙi. Bulo inci 6 ne, ba ya ɗauke da nauyin komai.

Hayaƙi ne ya isheni. Da gas nake girki, amma da na zuba attaruhu da albasa a mai, duk wanda ke falo sai tari da hawaye. Ƙaurin suya ya kama labule da kujeru, silin da ke saman murhu ya yi rawaya, in an taɓa har danƙo yake.

An saka fanka mai zuƙe hayaƙi a bangon arewa. Da farko ta yi aiki, amma tunda iskar hunturu ta taso take maido shi ciki, har da ƙura. Fankar sama kuwa watsa shi take yi ko'ina. Mai gyaran ya ce in sayi babbar fanka mai zuƙe hayaƙi, ni kuma ban yarda girma ne matsalar ba, iska ce ke fin ƙarfinta.

Idan aka ɗora rumfar hayaƙi a saman murhu, aka fitar da bututunta ta kwanon rufi, hayaƙin zai daina dawowa ba tare da rufin ya yi yoyo da damina ba?