Musayar Baitoci: Ina Ƙarshen Markus?

Ɗan Birni:
Salama gare ku 'yan Damagaram. Tambayata da baiti take, mai amsa ya amsa da baiti, ban da zagi.

Yayata ta Zengo, zo ki amsa tambaya,
Ba muzantawa nake ba, ina biɗar gaskiya.
Na bi Linjilar Markus har sura 16, nan na tsaya,
Aya 9 zuwa 20 suka sa ni waiwaya.
Tsoffin kwafin hannu, kundin Sina'i da na Batikan, na ƙarni na 4, gaba ɗaya
A aya 8 suka ƙare, mata na gudu da tsoro a zuciya.
To wane hannu ya ƙara sauran daga baya?
Matar da za a jefa a Yahaya 8, ita ma babu ta a ko ɗaya.

'Yar Zengo:
Ƙanena, tambayarka ba ta tsorata ni ba,
Haka abin yake, ban kuwa musa ba.
Masana sun gwada kundi da kundi, ba su gaji ba,
Bugu da yawa sun sa alama a wurin, ba a ɓoye ba.
Kwafin hannu na Girkanci sun haura 5,000, ba ɗaya ba,
In mai kwafi ya zame a nan, wani can bai zame ba.
Aya 6 ta riga ta ce Almasihu ya tashi daga matattu, ita ba a taɓa ta ba.
A 1947 makiyaya suka faɗa kogon Kumran, ba su sani ba,
Aka fito da naɗin littafin annabi Ishaya, tsufansa ba wasa ba,
Ya girmi kwafin Ibrananci da aka sani a da da shekara 1,000, saƙon bai sake ba.

Malamin Sabon Gari:
'Yata, kin kare masu kwafi, kin yi ƙoƙari,
Amma kwafi mai kyau ba ya gaskata labari.
Matiyu ya ce Yakubu ya haifi Yusufu mijin Maryamu, a surar fari,
Luka ya ce Heli. Wa za mu bi a wannan tsari?
Yahuza maci amana fa? A Matiyu ya rataye kansa, a Ayyukan Manzanni ya faɗi ya fashe a sarari.

Baban Mawaƙa:
Malam, ka zauna gaban alƙali ka ga shaida:
Huɗu in bakinsu ya zo ɗaya tak, sun shirya ne tun daga gida.
Saɓanin gefe ba ya kayar da tushen shaida.
Bulus ya rubuta wa Korintiyawa wajen shekara ta 55, ya jaddada
Cewa waɗanda suka ga Almasihu da rai suna nan, a je a tantance shaida.
A 1961 dutsen Kaisariya ya fito da sunan gwamna Bilatus, ka daɗa.
Dutse ba zai nuna tashin matattu ba, wannan na yarda,
A nan bangaskiya ce ke riƙe ni, da ita nake faɗa.

Ɗan Birni:
Baba, na ji ta Bilatus, na karɓa da hannu biyu,
Amma Heli da Yakubu har yanzu uba biyu.

'Yar Zengo:
Wasu sun ce Luka ya bi dangin Maryamu,
Wasu sun ce auren gado ne, in ji magabatanmu.
Nassin bai faɗi ko ɗaya a fili ba, ba zan ƙaga maka namu,
Ta auren gadon na fi karkata. Malam, kawo hujjarka a gabanmu.