Rigimar kifin jaka uku: wai Marwa ta Kamaru ƙauye ce

Ɗan Yelwa: Salamu alaikum jama'a. Yau kam sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cire ni daga gurup ɗin nan. Shekaranjiya na je Marwa ɗaurin auren abokina, mun taso daga Garwa da hantsi, hanyar da ba ta wuce kilomita 200 da ɗoriya ba amma sai la'asar muka shiga, jikina duk ya yi tsami. Bayan isha'i yunwa ta taso min nace wa mai moto ya kai ni inda ake gasa kifi mai kyau, ya kai ni wani wuri can cikin Domayo, ba zan kama suna ba. Na nuna wata karfasa da ba ta fi tafin hannuna ba, matar tace jaka uku. Jaka uku fa! Kunya ta sa na biya. Da aka kawo wlh kamar an gasa tsohon takalmi, ƙaya ta fi tsoka yawa, barkonon kuma tsululu kamar ruwan wanke-wanke. A Garwa kifin jaka uku sai ka kira maƙwabci ya taya ka. In dai maganar abinci ce Marwa ƙauye ce, mu daina ruɗin kanmu.

'Yar Kakatare: Ƙauye?? Malam maimaita mu ji, ƙila idona ne.

Alhaji mai albasa: Wa alaikumus salam. Yaro ka ci kifi mara daɗi Allah ya ba ka haƙuri, amma ka janye kalmar nan. Na girmi babanka ina jin, kuma a unguwar Funange ta Marwa aka yanke cibiyata.

Ɗan Yelwa: Alhaji Allah ya ƙara girma, ni ban zagi kowa ba, cewa nayi wajen abinci.

'Yar Kakatare: A'a ba wani wajen abinci, ƙauye kace. Garin da yake hedikwatar jiha guda, ga lamido ga jami'a tun 2008, ku taku jami'ar sai 2022 aka sa hannu a kanta. Kafin nan ina kuke turo ƙannenku karatu in ba ƙauyen ba?

Malamin lise (sakandare): A yi haƙuri in sa baki. Kalmar ƙauye tana da ma'ana, ba a jefa ta haka kawai. A ƙidayar 2005 Garwa tana da mutum wajen dubu 236, Marwa wajen dubu 201. Tazarar ba ta kai a kira ɗaya birni ɗaya ƙauye ba. Da ya ce "ba ta kai Garwa ba" da babu mai tanka masa.

Na Rumde: To malam ai da bakinka ka faɗa, 236 da 201 wanne ya fi? An gama magana hhhh

Malamin lise: Ba abin da nake nufi ba kenan.

Na Rumde: Kuma ka manta baka faɗa musu ba, kafin 1983 duk arewan nan lardi ɗaya ce kuma Garwa ce babban birninta, daga Gaundare har Kuseri nan ake zuwa neman sa hannu. Ɗa ba ya girman ubansa.

Alhaji mai albasa: Don tsohon shugaban ƙasa Ahidjo ɗan garinku ne shi ya sa aka tara muku komai, filin jirgi da masana'antu, ba wayonku ba ne. Mu da guminmu muka gina namu. Je ka Meskine da rani ka ga albasa iya ganinka, ita ake lodawa manyan motoci har Yawunde da Duwala. Albasar da ake yanka muku a kan kifin da kuke taƙama da shi daga ina take zuwa?

Kawu admin: Banda siyasa don Allah. An sha faɗa.

Na Rumde: Alhaji albasa ai ba abinci ba ce, kayan haɗi ce. Wa ya taɓa cewa yau albasa zan ci in kwanta? Mu muna da Binuwai a bakin ƙofa, ga madatsar Lagdo tun 1982, giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa suna shigowa kasuwa da safe suna motsi. Ku kuma Mayo Kaliyawo wata nawa yake da ruwa a shekara? Da rani yara ƙwallo suke bugawa a cikinsa. Kogin da ake buga ƙwallo a ciki shi zai ba ku kifi?

'Yar Kakatare: Tafkin Maga fa? Logon fa? Ko a taswirarku babu su. Daga can kifinmu yake zuwa, ga shinkafar Yagwa da Maga a kai.

Ɗan Yelwa: Yawwa yaya, kin zo wurin. Daga Maga zuwa Marwa a cikin zafin nan a bayan mota, kafin ya iso ai ya gaji. Abin da nake faɗa kenan tun farko.

'Yar Kakatare: Ni ba yayarka ba ce sai ka janye ƙauye. Kuma wai mutumin Garwa ne yake wa wani gorin zafi, garin da a watan Afirilu ko ƙwai ka ajiye a kan kwalta sai ya dahu. Ikon Allah.

Ɗan Sarkin Fawa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Wa ya ce masa a Marwa kifi ake nema? Baƙo makaho ne ko da idonsa. Ka shiga garin nama ka tafi neman kifi, laifin wa? Da ka tambaye ni da na kai ka wajen tukuba bayan magariba, ka ga tsire a jere kewaye da garwashi kitse yana ɗiga yana cewa cau, mai shi yana juya tsinke ɗaya ɗaya yana barbaɗa ƙuli da yaji, ka ci da ɗanyar albasa a takarda. Ga gasassun tantabaru. Kilishi kuwa ba a magana, ni a cikinsa na tashi: a samu cinyar sa marar kitse a yanyana ta siriri kamar mayafi har kana hango rana ta ciki, a shanya a kan karan dawa ta bushe ƙayau, sannan a tsoma a labu, tunkuza ce da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sai a ɗan nuna masa wuta kaɗan ba a bari ya ƙone ba. Iskar Marwa busasshiya ce, yini ɗaya ya isa. Ku a bakin kogi da damina naman ma sai ya yi ta jiƙa yana wari-wari. Duk ɗan Garwan da ya zo nan da ƙunshin kilishi yake komawa tsaraba, a duba jakar Ɗan Yelwa ma in ƙarya nake.

Ɗan Yelwa: Na sayo na jaka biyu, amma hajiyarmu ce ta aike ni.

'Yar Kakatare: Hhhhh Allah ya ƙara wa hajiya lafiya, ta san inda birni yake.

Ɗan Gaundare: Ni dai ina gefe ina dariya. Ana maganar kilishi da nama ba a ambaci Adamawa ba? Shanun da kuke yankawa a ina suka yi kiwo? Ga kindirmo ga dakkere ga sanyi, ga jirgin ƙasa da a wurinmu ya tsaya bai ƙarasa gare ku ba. In ana ƙauye to ku biyun duka ne.

Na Rumde: Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya kira ka?

Alhaji mai albasa: A nan kam na goyi bayan yaron Garwa. Faɗan cikin gida ne, ka koma ka sha hazonka.

Bakuseri: Kilishin asali ai na Nijar ne da Najeriya, kakanninku mahauta da shi suka zo. Mu nan gada kawai muke tsallakawa mu shiga Njamena mu ci naman raƙumi da kisar, wainarsu mai faɗi, ba ma shiga wannan gardamar.

Ɗan Sarkin Fawa: To kakannin namu da suka zo da shi a hanya suka bar hannunsu? Mahaucin Garwa da na Marwa duk Hausawa ne, wani ma ɗan wan wani ne, ni kaina ina da baffa a can. Iska ce ta bambanta mu.

Na Rumde: Gani ya kori ji. Lokacin gasar kofin Afirka ta CAN a Janairun 2022 a filin Rumde Ajiya na Garwa Najeriya ta ci Masar 1-0, mutanen Yola da Mubi suka cika garin nan maƙil, kowane dare wajen masu gasa kifi ba masaka tsinke. Me ya sa ba a kai wasan Marwa ba in birni ce?

'Yar Kakatare: Eh suka ci kifinku ya yi musu nauyi a ciki, Tunisiya ta zo ta kore su 1-0 a wannan filin dai. Ka ƙarasa labarin mana.

Gwaggo mai waina: Ku yaran nan kun ishe ni, waya sai ƙara take ina kan tanda. Duk cikinku wa ya taɓa tuƙa tuwo? Kun ɗauka abincin gari shi ne abin da ake sayarwa a bakin titi da daddare. Ni an haife ni a Garwa, aure ya kai ni Marwa shekara 19, na dawo. Tuwon masakwa da miyar yakuwa da gyaɗa, wanda Fulani ke ce wa folere, in matar Marwa ta yi maka shi sai ka lashe kwano, gaskiya ce ko ba daɗi. Miyar tafasa ma haka. Amma miyar kuka da bandar kifi ta Garwa ba ta da na biyu. Kuma gashin kifin nan da barkono da bobolo na rogo da kuke ta faɗa a kai, yawancin masu yin sa matan kudu ne, ba na uban kowa ba ne a cikinku. Kai kuma Ɗan Yelwa da ka je biki me ya hana ka cin abincin gidan biki?

Ɗan Yelwa: Gwaggo kafin mu iso an cinye.

Mai shagon Lopere: Tsaya tsaya. Ɗan Yelwa ashe kana da jaka uku na kifi da jaka biyu na kilishi da kuɗin mota zuwa da dawowa? Ranar Laraba ba kai ne kace min in ƙara haƙuri sai ƙarshen wata ba?

Ɗan Yelwa: Haba Alhaji ƙarami wannan ai ba maganar gurup ba ce, zan kira ka.

Mai shagon Lopere: Sau huɗu ina kira tana shiga ba a ɗauka.

Malamin lise: In koma kan kalmar, akwai bambanci tsakanin ƙauye da ƙauyanci, ƙila abin da yake so ya ce...

Alhaji mai albasa: Malam kar ka gyara masa, ƙauyancin ai ya fi muni. Kuma akwai unguwa a Garwa da ake ce wa Marware, sunanmu ne a kanta, mu muka zo muka raya muku gari.

Na Rumde: Da garinku ya ishe ku me ya kawo ku?

Kawu admin: To ya isa haka, saƙo ya haura 100 wasu har sun fita. Bari in taƙaita tsakani da Allah, ni ba ni da ɓangare. Na ɗaya, kowa ya yarda kifin Garwa ya fi, har 'yar uwarmu ta Kakatare ba ta musa ba, tafki kawai ta ambata. Na biyu, malam ya kawo lissafi kuma lissafi ya nuna Garwa ce gaba. Na uku, kilishin Marwa ba laifi, amma an tabbatar mana asalinsa ba na can ba ne, kuma kilishi tsaraba ce ba a ƙoshi da shi. Gwaggo ma da ta zauna gari biyun tace miyar Garwa ba ta da na biyu. Kalmar ƙauye ta yi ɗan kaushi, Ɗan Yelwa ka ba Alhaji haƙuri don girmansa, a ce ƙaramin birni. An rufe maganar.

Gwaggo mai waina: Kai admin ka ji tsoron Allah, rabin maganata ka ɗauka ka bar ta folere.

'Yar Kakatare: Ƙaramin birni?? Kawu ba a bayan filin Rumde gidanka yake ba?

Mai shagon Lopere: Ni dai ko ƙauye ko birni kifin nan da kuɗina aka ci shi. Ɗan Yelwa ina shago har ƙarfe 9, in ba kuɗi ka taho da kilishin.